Yadda Ake Rage Kuɗin Jirgin Ƙasa a Birtaniya da Katin Rangwame da Tikitin Wa'adi

A satina na biyu a Ingila wata hidima ta kai ni Landan daga garin da nake karatu. Na isa tasha da sassafe, na tsaya gaban injin sayar da tikiti, na danna abin da ya fara fitowa. Da kuɗin ya bayyana sai na yi tsaye ina juya shi zuwa naira a raina, har na bayana ya yi gyaran murya. Na biya, don ba yadda zan yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake ba wani yayanmu ɗan Zariya labari, mutumin da ya shekara goma a ƙasar. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ba ka da kati ne?" Na ce, "Wane kati, Yaya?" Ya girgiza kai ya ce, "Wallahi da ka tambaya, da sulusin kuɗin nan yana aljihunka."

Tun ranar na ɗauki alkawarin duk baƙon da ya zo zan zaunar da shi in yi masa wannan bayani kafin ya taka tasha. A Birtaniya mutum biyu za su zauna kujera ɗaya kusa da ɗaya, jirgi ɗaya, tafiya ɗaya, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Bambancinsu sani ne kawai.

Mataki na farko: ƙirga tafiyarka

Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta: sau nawa kake shiga jirgi a mako, daga ina zuwa ina, da ƙarfe nawa, kai kaɗai ko da iyali. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin hanyoyin rage kuɗin iri biyu ne, kuma kowace da mai ita. Katin rangwame, wanda ake kira Railcard, ya fi dacewa da mai tafiya jefi-jefi: ziyara, biki, suna, zuwa ofishin jakadanci sabunta fasfo. Tikitin wa'adi kuwa, Season Ticket a bakin masu ƙasar, na mai zirga-zirga ne a hanya ɗaya kullum, gida zuwa aiki, aiki zuwa gida. Ka sani tun yanzu cewa ba a haɗa su: katin rangwame ba ya rage kuɗin tikitin wa'adi, in ban da katin 'yan shekara 16 da 17 mai suna 16-17 Saver, wanda ke raba kuɗi biyu har a kan tikitin wa'adin.

Mataki na biyu: nemi katin da ya dace da kai

Yawancin katunan fam 35 ne a shekara tun daga watan Maris na 2025, kafin nan fam 30 ne. Suna cire maka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Lissafin a fili yake: da zarar ka sayi tikitin da jimillarsu ta kai fam 105, katin ya biya kansa, abin da ya biyo baya riba ce. Tafiya biyu ko uku masu nisa sun isa.

Wanda ya fi shafar mutanenmu shi ne 16-25 Railcard. Sunan yana sa da yawa su ɗauka ba su ciki, alhali ɗalibin da ya haura 25 ma yana da haƙƙinsa, muddin karatun na cikakken lokaci ne, sama da awa 15 a mako, aƙalla makonni 20 a shekara. Akwai fom da za ka cike, jami'arku ta tabbatar da shi, shi ke nan. Na ga magidanta masu shekara arba'in da suka zo digiri na biyu ko na uku, suka kammala suka koma gida ba su taɓa jin wannan ba, kuma abin yana ci mini rai har yanzu. Shi babban ɗalibi na shekara ɗaya ake ba shi, ya sabunta in karatun bai ƙare ba. Matashin da bai cika 24 ba kuwa zai iya sayen na shekara uku a kan fam 80. Wanda bai kai 26 ba yana iya sayen na shekara ɗaya har ranar jajiberin cikarsa 26, ya ci gaba da amfani da shi har ya ƙare.

In ka wuce wannan kuma ba ka karatu, akwai 26-30 Railcard, wanda a waya kawai ake riƙe shi. Duka biyun suna da sharaɗi ɗaya da ya kamata ka haddace: daga Litinin zuwa Juma'a, tsakanin ƙarfe 4:30 na asuba da 9:59 na safe, rangwamen ba zai sauko da tikiti ƙasa da fam 12 ba. Wato in tikitinka na safe fam 9 ne, katin ba zai yi maka komai ba a wannan lokacin. Masu katin 16-25 ana ɗage musu wannan sharaɗi a watannin Yuli da Agusta.

Mai iyali ya duba Family & Friends Railcard. Manya har huɗu suna samun rangwamen sulusi, yara har huɗu 'yan shekara 5 zuwa 15 ana cire musu kashi 60 cikin 100, amma dole a yi tafiyar da yaro aƙalla ɗaya. Yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta yake shiga. Ga mai 'ya'ya uku da ke son kai su gaida kawunsu a Manchesta lokacin sallah, ban san wani kati da ya kai wannan amfani ba. Miji da mata, ko abokai biyu da ba sa rabuwa, nasu shi ne Two Together Railcard: sunaye biyu da hotuna biyu a kati ɗaya, dole su yi tafiyar tare, kuma a ranakun aiki sai daga ƙarfe 9:30 na safe yake aiki. Dattijon da ya kai 60 yana da Senior Railcard, mai lalurar nakasa yana da Disabled Persons Railcard a kan fam 20, wanda ke rage wa mai rakiyarsa shi ma. Wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, in yana zaune a Landan ko kudu maso gabashin Ingila, ya sayi Network Railcard. Ba ruwansa da shekaru, sai dai a ranakun aiki yana farawa ne daga ƙarfe 10 na safe, kuma tikiti ba ya yin ƙasa da fam 13.

Sayen ba wuya. Ka shiga shafin Railcard na intanet da fasfonka da hoton fuskarka, ka biya, a turo maka lamba ka saka a manhajarsu. Ana kuma sayar da yawancinsu a tagar tikiti ta tasha.

Abu biyu bayan ka saya. Na ɗaya, in kana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, ɗauki katin Oyster ɗinka, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, da katin 16-25, 26-30 ko na dattawa, ka sami ma'aikaci a tasha ya haɗa maka su. Daga nan sulusi zai riƙa sauka daga kuɗin tafiyarka a lokutan da ba na cunkoso ba. Minti biyu ne aikin. Na biyu, katin ya kasance tare da kai a duk tafiya. Wata ƙanwarmu ta sayi tikitinta da rangwame daidai bisa ƙa'ida, amma cajin wayarta ya ƙare a hanya, mai duba tikiti ya zo, ba ta da abin nunawa. Ta iso gida idanunta jawur. A dokarsu, tikitin rangwame ba tare da kati ba kamar babu tikiti ne, za a iya sa ka sayi sabo a cikakken kuɗi ko a ci ka tara. Tarar a Ingila fam 100 ce tun watan Janairun 2023, ban da kuɗin tikitin, tana komawa fam 50 in ka biya cikin kwana 21. Ka riƙa tafiya da caja, ka kuma rubuta ranar ƙarewar katin inda za ka gani.

Mataki na uku: in kullum kana hanya, yi lissafin tikitin wa'adi

Nan ne ya kamata ka zauna da kalkuleta, domin kuɗin da ake magana a kai mai yawa ne. Tikitin wa'adi yana ba ka damar shiga jirgi tsakanin tashoshi biyu iya son ranka, safe da yamma, Asabar da Lahadi, har da sauka a tashoshin da ke tsakani. Akwai na mako, na wata, na shekara, kana kuma iya yanke wa'adin da kake so tsakanin wata ɗaya da shekara, misali daga farkon zangon karatu zuwa ranar hutu.

Tsarin farashin a yawancin hanyoyi ɗaya ne. Na wata ninki 3.84 ne na kuɗin mako, na shekara kuwa kuɗin makonni 40 ne, ka yi tafiyar makonni 52. A ce na mako a hanyarka fam 100 ne. Na wata zai kama fam 384, na shekara fam 4,000. Mai sayen na mako-mako, ko da ya cire makonni shida na hutu, zai kashe fam 4,600. Ka ga fam 600 ta tsira.

Amma kada wannan ya ruɗe ka ka yi saurin zuba kuɗi. A ce tikitin zuwa da dawowa na yini ɗaya a wannan hanyar fam 30 ne. Mai zuwa ofis kwana biyar zai kashe fam 150 a mako, shi tikitin wa'adi ya fi masa nesa ba kusa ba. Mai zuwa kwana uku fam 90 zai kashe, ƙasa da kuɗin na mako. In kuma yana da katin 16-25 ko 26-30, tikitin fam 30 ya koma wajen fam 20, kwana ukun nan fam 60 ke nan. Saboda irin waɗannan ma'aikata aka fito da Flexi Season a watan Yunin 2021: kwana takwas ka zaɓa da kanka cikin kwana 28, wato daidai da mai fita sau biyu a mako. A wata hanyar yana da sauƙi sosai, a wata kuwa ragin bai taka kara ya karya ba. Shafin National Rail, wato shafin haɗin gwiwar kamfanonin jirgin ƙasa, yana da wurin lissafin tikitin wa'adi, ka saka tashoshinka biyu ya jero maka farashin kowane iri.

Mu da muke da gida a nesa akwai abin da ya kamata mu ƙara a lissafi. In ka san za ka tafi Kano ko Maraɗi ka yi wata biyu, ko kwantiragin aikinka bai kai shekara ba, ko bizarka na gab da ƙarewa, na shekara zai iya zame maka asara. Ana mayar da tikitin a ba ka ragowar kuɗi, amma lissafin da suke yi shi ne nawa za ka biya da a ce tun farko wa'adin da ka yi amfani da shi ka saya. Bayan wata goma da kwana goma sha biyu ba abin da zai dawo. Ni shawarata ga sabon ma'aikaci ita ce ya fara da na wata har sau biyu ko uku, ya ga yadda aikin ya zauna.

In ka yanke shawarar na shekara, tambayi wurin aikinka ko suna ba da bashin tikiti. Ma'aikatu da yawa suna biya maka gaba ɗaya su riƙa cirewa daga albashi wata-wata, kuma galibi ba kuɗin ruwa, abin da ke kwantar wa Musulmi hankali. Lura kuma da kalanda: a watan Maris aka yi ƙarin farashi a Ingila, kashi 4.9 a 2024, kashi 4.6 a 2025. Wanda tikitinsa ya fara aiki kafin ranar ƙari, tsohon farashi ya biya na shekara guda. A yankin Landan da kewayensa mai faɗi, tikitin shekara yana zuwa da Gold Card, wanda shi ma ke cire sulusi a sauran tafiye-tafiyen da ba na lokacin cunkoso ba a cikin yankin.

Mataki na huɗu: ranar sayen tikitin kansa

Kati kaɗai bai isa ba in ka sayi tikiti mafi tsada. Anytime shi ne na kowane lokaci, shi ya fi tsada, shi ne na danna a wancan safiyar. Off-Peak na bayan cunkoso ne. Advance kuwa na jirgi ɗaya ne tak a lokaci ɗaya, ana fara sayar da shi tun makonni takwas zuwa goma sha biyu kafin tafiya, kuma masu arha ne ke fara ƙarewa. In ka ɗora rangwamen kati a kansa, za ka sha mamakin abin da za ka biya. Sai dai in ka makara da laifinka jirgin ya tafi, tikitin ya tafi da shi. Saboda haka tafiyar da ranarta ta tabbata, kamar ɗaurin aure ko jarrabawa, ita ake saya wa Advance. Ka saya kai tsaye a shafin kamfanin jirgi, kowannensu yana sayar da tikitin duk ƙasar, kuma yawanci ba sa ɗora ladan saye kamar yadda wasu manhajojin dillalai ke yi.

Akwai kuma raba tikiti. Maimakon tikiti ɗaya daga Landan zuwa Bristol, sai ka sayi ɗaya zuwa tashar Didcot Parkway da ke kan hanya, wani daga can zuwa Bristol, kana zaune a kujerarka ba ka sauka ba. Doka ta yarda da shi, sharaɗin kawai jirgin ya tsaya a tashar da ka raba. In kuwa ku uku ne zuwa tara kuma ba mai kati, ku tambayi GroupSave a tagar tikiti, wasu kamfanoni suna cire sulusi a lokacin da ba na cunkoso ba.

Mataki na biyar: karɓi haƙƙinka in jirgi ya makara

Mun saba a gida in mota ta makara sai a ce haƙuri. A nan akwai tsarin diyya mai suna Delay Repay. A yawancin kamfanoni, makarar minti 15 zuwa 29 tana dawo maka da kashi 25 na kuɗin tafiya ɗaya, minti 30 zuwa 59 rabi, awa ɗaya zuwa ƙasa da biyu duka kuɗin tafiyar, awa biyu ko fiye kuwa har da na dawowa. Wasu kamfanonin daga minti 30 suke farawa. Mai tikitin wa'adi shi ma ana biyansa gwargwadon kuɗin tafiya ɗaya. Kana da kwana 28 ka nema a shafin kamfanin da jirginsa ya makara. Kafin ka saka tikitin takarda a ƙofar fita, ɗauki hotonsa da waya, domin injin yakan haɗiye shi a tashar ƙarshe, ka kuma rubuta lokacin da ya kamata ku iso da lokacin da kuka iso tun kana kan dandamali.