Yadda Ake Gane Daskararren Kitsen da Zai Iya Fashewa a Hoton CT na Zuciya

Duk sabon likitan da ya zauna kusa da ni a ɗakin karanta hoto abu ɗaya yake yi: ya auna tsukewar jijiyar jinin zuciya, ya rubuta "kashi 40, babu damuwa", ya wuce. Ni ma na taɓa rubuta wa wani magidanci haka. Bayan wata bakwai aka kawo shi ranga-ranga, gudan jini ya toshe jijiyar a daidai wurin. Da na buɗe tsohon hoton, alamun suna nan ɓaro-ɓaro. Ramin da jini ke bi na duba, ban dubi bangon jijiyar ba.

Tun 1987 Seymour Glagov ya nuna cewa jijiya kan buɗe ta waje don ta ba kitsen wuri, ramin ba ya fara tsukewa sai kitsen ya ci kusan kashi 40 na faɗinta. Ke nan rami mai kyau ba shaida ba ne.

Fara da hoto mai tsabta. Ka saukar da bugawar zuciya zuwa kusan 60 a minti da metoprolol, ka sa nitroglycerin a ƙarƙashin harshe. Amma ka ja mutum gefe ka tambaye shi ko ya sha maganin ƙarfin maza irin Viagra, don haɗa shi da nitroglycerin na iya faɗar da jini. A gaban ɗansa ba zai faɗa maka ba.

Alamu huɗu ake nema. Sai ka yanka hoton jijiyar a gicciye, kada ka tsaya ga hoton tsawonta. Auna faɗinta a wurin kitsen, ka raba da faɗin lafiyayyen wuri na kusa. In ya haura 1.1, alama ta farko ke nan.

Ga inda yawancinku kuke faɗuwa, alama ta biyu: auna duhun kitsen. Wanda ya gaza 30 a ma'aunin Hounsfield, wato ma'aunin duhu da hasken hoton CT, shi ne mai ruɓaɓɓen ciki. Matsalar ita ce wurin ɗan mitsitsi ne. Da'irarka ta ɗan zame waje, ta taɓa kitsen da ke kewaye da jijiya, lambar ta faɗi ƙasa da sifili, ka ɗaga wa mutane hankali a banza. Ta zame ciki, ta taɓa rinin da aka zuba a jini, lambar ta yi sama, ka sallami mai haɗari. Ni ƙa'idata: ƙaramar da'ira, wuri uku, yanka biyu a jere. In ba su yi daidai da juna ba, ba na rubutawa. Wahalar ta cancanta, don a binciken SCOT-HEART na Sikotilan, waɗanda kitsen mai ruɓaɓɓen ciki ya haura kashi 4 a jijiyoyinsu, haɗarin bugun zuciyarsu ya ninka kusan sau biyar.

Sauran biyun ba wuya: ɗige-ɗigen kalsiyam da ba su kai milimita 3 ba, da alamar zobe, wato tsakiya mai duhu da gefe mai haske. Dunƙulen kalsiyam fari fat da ke firgita sababbi, sau da yawa tsohon kitse ne da ya lafa. Biyu cikin huɗun nan suka haɗu, tsarin rubuta rahoto na CAD-RADS ya ce ka sa HRP, wato kitse mai babban haɗari, a rahoto.

Fatar da ta rufe kitsen, wadda ke yagewa in kaurinta bai kai maikuromita 65 ba, CT ba ya ganinta, kada ka yi ƙaryar ka gani. Sai OCT, hoton da ake ɗauka da haske ta cikin jijiya, ga tsada, ga shi sai an zura waya.

A rahoto kuma kada ka rubuta "a sa ƙarfe", wato ɗan bututun da ke buɗe jijiya. Yawancin irin waɗannan ba sa fashewa. Rubuta abin da ka gani da inda yake, ka kira likitan zuciyar a waya, a ƙara ƙarfin statin, maganin rage kitsen jini, a kama hawan jini da suga, a raba majinyacin da taba.