Yadda ake shiga siyasar Kanada, daga majalisar lardi zuwa Ottawa

Ga 'yan uwanmu na Garwa, Marwa da Ngaundere da suka zauna a Kanada har suka fara sha'awar takara: kuskuren farko shi ne ɗaukar siyasar can kamar tsani ɗaya, lardi a ƙasa, tarayya a sama. Gidaje biyu ne, kowanne da ƙofarsa da dokarsa.

Fara da takarda. Sai ɗan ƙasa mai shekara 18 ke tsayawa takara, katin zaman dindindin bai isa ba. Kafin ka nemi zama ɗan ƙasa, sai ka cika kwana 1,095 a cikin Kanada a shekaru biyar ɗin da suka gabata. A nan ka tsaya ka yi shawara da iyali, domin dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba.

Sannan ka zaɓi gida. Asibiti da makaranta aikin lardi ne. Soja da hulɗa da ƙasashen waje na Ottawa ne, wato gwamnatin tarayya. Kada sunan jam'iyya ya ruɗe ka. Jam'iyyar Liberal ta lardin Kebek daban take da Liberal ta tarayya, shi ya sa Jean Charest, wanda ya shugabanci jam'iyyar 'yan mazan jiya ta tarayya daga 1993 zuwa 1998, ya koma ya jagoranci Liberal ta Kebek har ya zama firimiya, wato shugaban gwamnatin lardin, a 2003.

Inda ake gumi shi ne zaɓen fitar da gwani. 'Yan jam'iyyar da ke zaune a mazaɓar su ne ke kaɗa ƙuri'a, saboda haka aikin shi ne yi wa mutane rajista kafin ranar rufewa, a kuma tabbatar sun zo zauren ranar zaɓe. Wanda ya tara magoya baya daga unguwar da ke wajen iyakar mazaɓa ya yi shuka a idon makwarwa. Ko ka ci, sai shugabancin jam'iyya ya amince kafin a sa sunanta kusa da naka.

A zaɓen tarayya, mai kujeru 343 tun 2025, kana buƙatar sa hannun masu zaɓe 100 na mazaɓar. Tara fiye da haka, don jami'in zaɓe yana soke duk wanda adireshinsa bai dace ba. Ana rufe karɓa kwana 21 kafin zaɓe. Kuɗin ajiya na dala 1,000 kuwa, kotu ta soke shi a 2017.

Maganar kuɗi ce ta fi kama namu. Dole ka naɗa wakili mai kula da kuɗin takararka a hukumance, da asusun banki na takarar kaɗai, kuma duk gudunmawa ta hannunsa za ta bi. Kamfani ba ya bayarwa. Kawunka ɗan kasuwa a Garwa, komai son da yake maka, ba zai aiko da ko sefa ɗaya ba, sai ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin. A siyasar lardin Kebek abin ya fi tsauri: mai zaɓe kaɗai, dala 100 a shekara ga jam'iyya, da ƙarin 100 a shekarar zaɓe. Adana kowane rasit, domin wanda ya samu kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un mazaɓarsa a zaɓen tarayya ana mayar masa da kashi 60 na kuɗin yaƙin neman zaɓe.

Idan ka riga ka shiga majalisar lardi kana hangen Ottawa, sai ka ajiye kujerarka tukun. In ka faɗi, ka tashi a tutar babu. Hanyar kuma tana juyawa. Maka Kotto, haifaffen Duwala, ya shiga majalisar tarayya a 2004 ƙarƙashin jam'iyyar Bloc Québécois, ya yi murabus a 2008, ya ci mazaɓar Bourget a Montiriyal ya shiga majalisar lardin Kebek, ya kuma riƙe ministan al'adun Kebek daga 2012 zuwa 2014.