Yadda Ake Rubuta Ƙaramar Manhajar Uwar Garke da Mai Nema ta Hanyar Soket

Ɗalibai da dama da ke karatun kwamfuta a Samaru suna kaiwa aji uku ba su taɓa sa kwamfutoci biyu su yi magana da juna ta shirin da suka rubuta da hannunsu ba, alhali kuwa aikin bai wuce layuka talatin ba. Wannan jagora zai bi da mai karatu ta hanyar rubuta shirye-shirye biyu da harshen Python: uwar garke, wato sabar da ke zaune tana jiran a zo mata da buƙata, da kuma mai nema, wanda shi ne ke fara ƙwanƙwasa mata ƙofa. Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta ɗaya mai ɗauke da Python 3, ko da babu intanet.

Soket shi ne bakin da shiri ke amfani da shi wajen aika bayanai da karɓarsu ta hanyar sadarwa. Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda ya fito a cikin tsarin sarrafa kwamfuta mai suna 4.2BSD a shekarar 1983, shekarar da ARPANET, hanyar sadarwar da ta gabaci intanet, ta koma amfani da ƙa'idojin aika bayanai na TCP/IP, kuma sunayen umarnin da aka kafa a wancan lokaci, irin su bind da listen da accept, su ne Python ke amfani da su har yanzu. Kafin soket ya yi aiki sai an ba shi abubuwa biyu, adireshin IP da lambar ƙofa. Wanda ya san birnin Zazzau ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, domin idan aka ce wa baƙo ya zo Zariya, an gaya masa gari ne kawai, sai an ƙara masa da cewa ta Ƙofar Doka zai shigo ko ta Ƙofar Gayan sannan zai iske mai jiransa. Adireshin IP shi ne garin, ƙofofin kowace kwamfuta kuwa suna da lambobi daga 0 zuwa 65535. An keɓe waɗanda ke ƙasa da 1024 ga sanannun ayyuka, kamar 80 da 443 na shafukan yanar gizo da 22 na SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, saboda haka za mu ɗauki 5050.

A buɗe fayil, a sa masa suna uwa.py, a rubuta wannan:

```
import socket

uwa = socket.socket(socket.AF_INET, socket.SOCK_STREAM)
uwa.setsockopt(socket.SOL_SOCKET, socket.SO_REUSEADDR, 1)
uwa.bind(("127.0.0.1", 5050))
uwa.listen()
print("Ana jiran baƙi")

while True:
    hulda, adireshi = uwa.accept()
    with hulda:
        tari = b""
        while b"\n" not in tari:
            guntu = hulda.recv(1024)
            if not guntu:
                break
            tari += guntu
        suna = tari.decode("utf-8").strip()
        amsa = "Barka da zuwa, " + suna + "\n"
        hulda.sendall(amsa.encode("utf-8"))
```

Layin da ke ƙirƙirar soket yana faɗin abu biyu: AF_INET na nufin za a yi amfani da adireshin IPv4, SOCK_STREAM kuma na nufin TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da cewa bayanai sun isa a jere, ba tare da ɓacewar komai ba muddin haɗin yana nan. Umarnin bind yana ɗaura soket ɗin a kan adireshi da ƙofa, kuma 127.0.0.1 adireshi ne na musamman da kowace kwamfuta ke nufin kanta da shi, don haka babu wanda zai iya shigowa daga waje tukuna. Daga nan listen ya sanar da tsarin kwamfutar cewa a fara jera masu zuwa, accept kuma ya tsaya cik har sai wani ya iso. Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, accept yana dawo da sabon soket ne, wanda muka kira hulda, kuma da shi ake magana da wannan baƙo ɗaya. Na farkon yana nan bakin ƙofa yana jiran na gaba.

Sai fayil na biyu, mai_nema.py:

```
import socket

with socket.create_connection(("127.0.0.1", 5050), timeout=10) as soket:
    soket.sendall("Ɗan Zazzau\n".encode("utf-8"))
    amsa = b""
    while True:
        guntu = soket.recv(1024)
        if not guntu:
            break
        amsa += guntu

print(amsa.decode("utf-8"))
```

A buɗe tagogin umarni guda biyu, a fara tayar da uwar garke a ɗaya da python uwa.py, sannan a tayar da mai nema a ɗayar. Idan komai ya tafi daidai, gaisuwar za ta bayyana nan take. Idan kuma aka ga ConnectionRefusedError, to uwar garken ba ta tashi ba, ko kuma lambar ƙofar da ke cikin fayilolin biyu ta saɓa.

Yanzu sai mu tsaya a kan wurin da na fi damuwa da shi a cikin wannan darasi, wato dalilin da ya sa muka saka recv a cikin zagaye maimakon mu kira shi sau ɗaya. Masu koyo da yawa suna zaton cewa duk abin da aka aika da umarni ɗaya zai iso a dunƙule, kuma gwajin farko yakan ƙarfafa musu wannan zato, saboda gajeren saƙo a cikin kwamfuta ɗaya kusan kullum haka yake isowa. Amma TCP bai san wani abu wai shi saƙo ba. Bayit-bayit, wato ƙananan ma'aunan bayanai, yake kwararowa kamar ruwa a famfo, kuma lambar 1024 da muka ba recv iyaka ce kawai ta abin da za mu iya ɗiba a lokaci ɗaya, ba alkawari ba ce cewa za a ba mu haka. Ana iya aika saƙo ɗaya ya iso gida uku, ana kuma iya aika saƙo biyu su iso a manne da juna. Saboda haka wajibi ne mai rubuta shiri ya ƙayyade wa kansa inda saƙo yake ƙarewa. A ɓangaren uwar garke mun zaɓi alamar sabon layi ta zama iyaka, a ɓangaren mai nema kuma muna karantawa har sai recv ya dawo da fanko, wanda shi ne alamar cewa ɗaya ɓangaren ya rufe haɗin. Akwai hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da hotuna da fayiloli, ita ce a fara aika tsawon saƙon a cikin bayit huɗu, sannan saƙon ya biyo baya.

Mu masu rubutu da Hausa wannan lamari ya fi shafar mu, domin a tsarin UTF-8, wanda shirinmu ke mayar da rubutu bayit da shi, kowane harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya yake ci, amma haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bayit biyu ne. Sunan da muka aika, Ɗan Zazzau, haruffa goma ne idan an haɗa da tazarar da ke tsakani, amma bayit 11 ne a kan hanya. Idan saƙo ya yanke a tsakiyar harafi mai ƙugiya, kuma shirin ya yi gaggawar mayar da wannan guntu rubutu, Python zai tsaya da UnicodeDecodeError. Ina ba kowane ɗalibi shawara ya ga wannan da idonsa: ya mayar da 1024 zuwa 1 a cikin uwa.py, zai ga shirin ya ci gaba da aiki lafiya saboda muna tarawa kafin mu fassara. Sannan ya gwada kiran decode a kan kowane guntu tun a cikin zagayen, zai ga ya faɗi tun a harafin farko. Wanda ya gwada manhajarsa da rubutun Turanci kaɗai yana iya daɗewa bai san da wannan matsala ba, sai ranar da wani ya rubuta sunan ƙauyensu.

Irin wannan dalili ne ya sa muka zaɓi sendall, domin send yana iya aika wani ɓangare kawai ya dawo. Layin SO_REUSEADDR kuwa yana magance wata damuwa ce da ake gamuwa da ita a Linux, inda ɓangaren da ya fara rufe haɗi yake riƙe shi na kimanin daƙiƙa 60, har idan aka kashe uwar garke aka sake tayar da ita nan da nan sai a ce ƙofar tana hannun wani.

Bayan an gamsu da gwajin cikin gida, sai a nemi aboki mai kwamfuta, a kunna hotspot na waya ɗaya, kowa ya hau kansa. A cikin uwa.py a canza 127.0.0.1 zuwa 0.0.0.0, wanda ke nufin a karɓi baƙi ta kowace hanyar sadarwa da kwamfutar take kai. A duba adireshin kwamfutar uwar garke da ipconfig a Windows ko ip addr a Linux, galibi zai fara da 192.168 ko 172 ko 10, a saka shi a cikin mai_nema.py na abokin. Idan mai nema ya yi shiru har daƙiƙa goma suka cika, mafi yawan lokuta katangar tsaron kwamfutar ce ta hana, sai a ba Python izinin karɓar haɗi. A kuma sani cewa waɗannan adireshi na cikin gida ne, don haka aboki da ke Sabon Gari ko Tudun Wada a kan datarsa ba zai iso su ba. Wannan sai an ɗora uwar garken a kan kwamfutar da ke da adireshin da duniya ke gani.

Akwai rauni a shirinmu da ba zan so a bar shi ba. Idan aka ɗauke wuta, ko cajin wayar da ke ba da hotspot ya ƙare bayan an ƙulla haɗi, babu wata sanarwa da za ta iso wa uwar garke, sai recv ya zauna yana jiran abin da ba zai zo ba, duk sauran masu nema kuma su maƙale a bayansa. Maganin farko shi ne a rubuta hulda.settimeout(10) da zarar an shiga cikin with, a kuma kewaye aikin da try da except, domin kuskuren baƙo ɗaya kada ya kashe uwar garken baki ɗaya. Magani na biyu shi ne a mayar da layin with da duk abin da ke ƙarƙashinsa ya zama aiki mai zaman kansa, a miƙa shi ga threading.Thread, wanda ke gudanar da aiki a gefe guda, a duk lokacin da accept ya dawo, ta yadda kowane baƙo zai sami mai kula da shi, ƙofar kuma ta ci gaba da karɓar wasu.

Duk abin da wannan shiri ke aikawa a fili yake tafiya, kuma wanda ya buɗe manhajar Wireshark, mai nuna bayanan da ke wucewa ta hanyar sadarwa, a ɗaya daga cikin kwamfutocin zai karanta gaisuwar kalma bayan kalma, tare da saƙonni uku na SYN da SYN-ACK da ACK da TCP ke ƙulla haɗi da su. Saboda haka kada a aika kalmar sirri ko lambar asusun banki ta wannan hanya sai an lulluɓe soket ɗin da ssl, mai sirranta bayanai, wanda shi ma yana cikin Python tun asali, kuma idan an gama gwajin a mayar da adireshin uwar garken zuwa 127.0.0.1.