Sababbin 'Yan Hokin Jami'a: Kurakuran da Na Gaji da Gani Duk Satumba

Ɗakin da nake aiki yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, babu taga, sai ƙarar injin washi da warin safar hannu da ba ta gama bushewa ba. Ni ke kula da kayan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta wata jami'a a arewacin Amurka. Tun ina ɗalibi na kama aikin don in samu na cefane, ga shi ya zama sana'a. Gudun kan ƙanƙara dai ba zan yi shi gaban baƙo ba, amma duk wanda ya shigo ƙungiyar nan, takalminsa ta hannuna yake bi.

Da can sababbin namu yawanci daga gasannin matasa irin USHL ta Amurka suke zuwa, suna da shekara 20 ko 21. A 2018 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta buɗe rajistar masu son sauya jami'a, a 2021 kuma ta cire dokar da ke sa ɗan hoki ya zauna shekara guda ba wasa idan ya sauya sheƙa. Daga Agustan 2025 aka buɗe ƙofa ga yaran manyan gasannin matasa na Kanada, har irin su Gavin McKenna ya bar ƙungiyar Medicine Hat ya koma jami'ar Penn State. Yanzu duk Satumba ɗakin canza kaya cike yake da baƙi, kowa da taƙamar ya san hoki. Sun sani ɗin kuwa. Abin da ke kayar da su ba a kan ƙanƙara yake ba.

Zan fara da wanda ya ƙone ni, don da bakina aka yi shi. Wani yaro ɗan baya, ɗan Kanada, ya sauyo daga wata jami'a. Mai hankali, mai gaisuwa, irin wanda ke tsayawa ya taya ka ɗaukar jaka. Wata rana yana zaune a ɗakina yana naɗa tef a sanda, ya ce kwas ɗin lissafin ƙididdiga zai kashe shi. Ni kuma, da na ga kamar taimako nake, na ce ai ni ma na taɓa ajiye kwas tsakiyar zango, ba abin da ya same ni. Abin da ban tuna ba, ni kiredit 16 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) nake ɗauke da su a lokacin, kuma ni ba ɗan wasa ba ne. Shi 13 gare shi. Ya cire uku, saura goma. Dokar NCAA kuwa ba ta da kunya: ɗan wasa sai yana ɗauke da aƙalla kiredit 12, ranar da ya sauka ƙasa da haka ranar ya daina zama ɗan wasa, ko atisaye ba zai shiga ba. Ga shi baƙo a ƙasar, izinin zamansa na ɗalibi ma a kan cikakken karatu ya rataya. Ranar Alhamis, na riga na loda jakarsa a mota, aka kira koci daga ofishin da ke bin diddigin dokoki. Da hannuna na sauke jakar. Wasa huɗu suka wuce shi kafin a samo masa wani gajeren kwas ya cike gurbin, kuma kafin ya dawo wani ya zauna a wurinsa daram. Ni aka hana ni tafiya da ƙungiya har ƙarshen zangon. Bai taɓa zagina ba, abin da ya fi ciwo ke nan, sai dai bai sake zama a ɗakina ba.

Don haka ka ji da kyau. Kada ka taɓa kwas, ƙari ko ragi, sai mai ba 'yan wasa shawara kan karatu ya ce to, kuma a rubuce. Abokin ɗakinka ba shi ba ne, kyaftin ba shi ba ne, mai washin takalmi balle. Kai da ka sauyo daga wata jami'a, naka ya fi tsanani, domin ba duk kiredit ɗin da ka tara can ne za su shiga lissafin digirinka a nan ba, alhali ana son ka kai kashi 40 cikin ɗari kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. Ka nemi a lissafa maka tun kafin ka sa hannu. Ni yanzu duk yaron da ya buɗe baki da maganar kwas a ɗakina, kashe injin nake in raka shi ofis da ƙafata.

Na biyu, wuƙar takalmi, wato ƙarfen da ke ƙasansa da ake sulɓi a kai, kuma nan zan yi faɗa. Ƙasan wuƙar nan ba shafe yake ba, akwai ɗan kwari a tsakiya da ke ba ta baki biyu. Kwarin da inci ake faɗinsa, kuma ƙaramar lamba ita ce mai zurfi: 3/8 mai zurfi ne, yana cizon ƙanƙara amma yana cin gudu, 5/8 ko 3/4 ba zurfi, ana sulɓi amma riƙon ya ragu, rabin inci shi ne tsaka-tsaki, shi nake yi wa duk wanda bai ce komai ba. To, mutum ya shekara goma sha yana wasa, in tambaye shi nawa ake yi masa, ya ce, “Yadda aka saba.” Wa ya saba? Ni na san wanda ke maka washi a Saskatchewan ta Kanada? Wani kuma ya san lambar, amma bai san ƙanƙara ba ɗaya ba ce. Filin da ke da sanyi ƙanƙararsa tauri gare ta, tana son kwari mai ɗan zurfi. Filin da ya cika da mutane ya yi ɗumi tana laushi, mai zurfin sai ya riƙa nutsewa kamar mai tafiya a rairayi. Nauyin jiki ma yana shiga: ƙato bai cika buƙatar zurfi ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai canzawa ranar wasa. Akwai wani ɗan gaba da ya ga babban ɗan wasanmu yana amfani da 3/4, sai ya zo saura awa biyu a fara ya ce shi ma haka. Na ce bari sai Litinin. Ya ce takalminsa ne. Na yi masa. Karonsa na biyu a fili ya zo juyawa a kusurwa, ƙafa ta zame, ya sha ƙasa, aka ɗauke pak, faifan robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo, aka jefa mana a raga. Da koci ya tambaye shi, cewa ya yi washin ne ba kyau. Mako guda ana kallona kamar na ci amanar ƙungiya. Tun daga ranar na sayi littafi mai bango mai tauri: suna, lamba, kwanan wata, sa hannu. Sabon washi Litinin ko Talata kawai nake gwada wa mutum, daga Laraba an rufe. Wasu masu kayan suna ganin tsaurin ya yi yawa. Su yi nasu.

Sai bakin nan naku. “A tsohuwar ƙungiyarmu ba haka muke yi ba.” Sau ɗaya za a yi dariya, na uku an sa maka suna. In ka je gari ka ga kowa da jela, nemi taka ka ɗaura. Wanda yake kyaftin a can ya fi kowa faɗawa wannan rami, ya manta mutum 26 ko fiye ne a ɗakin, 19 kaɗai ke sa riga ban da masu tsaron raga. Ranar da ka duba allo ba ka ga lambarka ba, kada ka kira mahaifinka ya kira koci. Je wurin mataimakin koci ka ce ya nuna maka bidiyo.

Yaran Kanada, a gasanninku na OHL ko WHL wasa 68 kuke yi a shekara, in ka yi shirme yau jibi ka wanke kanka. A jami'a 34 ne, Juma'a da Asabar, sauran mako atisaye da ɗaga ƙarfe da aji. Wanda ya raina atisayen Talata, da kwat zai kalli wasan Juma'a daga sama. Dambe kuma, can minti biyar ne a akwatin horo ka dawo. Nan kora ce daga wasan, ka kuma zauna na gaba. Ragar ƙarfe ko gilashin da ya rufe fuska duka dole ne a jami'a, don haka ka fara sabawa da ita tun bazara, ka daina cewa ba ka ganin pak a ƙafarka.

In an kai ku filin da faɗinsa ƙafa 100 ne maimakon 85, kada ka bi mutum har bango, za ka bar tsakiya a buɗe. Daƙiƙa 45 ta ishe ka a fili, ka sauka wani ya hau. In ka yanke sanda ta ƙara tauri, kada ka dawo kana cewa kamfani ya cuce ka. Tambarin ƙungiya da ke shimfiɗe tsakiyar ɗakin canza kaya ba a taka shi. Ɗalibi baƙo kada ya sa hannu a yarjejeniyar talla sai ofishin ɗalibai na ƙasashen waje ya gani. Siminti da wuƙa ba sa ga maciji, sa mata marfi kafin ka bar tabarmar roba.

Jiƙaƙƙen kaya kuma a rataye su. Bara wani sabo ya dawo daga tafiya daren Asabar ya tura jakarsa ƙarƙashin benci a zuge, har safiyar Litinin. Na faɗa masa sau ɗaya, na faɗa sau biyu. Karo na uku, cikin Janairu, na ɗauki jakar na ajiye masa a bayan gini wajen da motar gyaran ƙanƙara ke zubar da dusar ƙanƙara. Da ya zo atisaye, sai da ya riƙa buga rigar a bango kafin hannunta ya lanƙwasu.