Birkin hannu kafin zuwa gwajin DVLA

Salamu alaikum 'yan uwa masu mota a Kumasi. Duk wanda takardar lafiyar motarsa ta kusa ƙarewa, ya duba birkin hannu tun a gida. A wurin gwajin DVLA, wato hukumar lasisin tuƙi da motoci ta Ghana, ana ɗora ƙafafun baya a kan na'ura mai juyawa a ja birkin, ita ke nuna ƙarfin kowane ɓangare. Idan ya yi sanyi, ko ƙafa ɗaya ta kama ɗaya ta ƙi, ana iya mayar da kai gyara.

Gwada shi da kanka. Nemi gangare inda babu mutane, ka sa giya a firi, ka ja birkin, sannan ka saki na ƙafa a hankali. In motar ta motsa, ko sai ka ja sandar har ƙarshe kafin ta tsaya, akwai matsala.

Sau da yawa wayar birkin hannun ce ta saki, ɗaurewa kawai take so. Amma kar ka yarda makanike ya ɗaure waya ya sallame ka bai cire taya ba. Takalman birki na iya cinyewa, ko man birki ya zubo ya jiƙa su, kuma ɗaure waya ba ya maganin wannan. In an matse wayar da yawa, ƙafar za ta riƙa zafi a hanya. Kayan gyaran suna nan a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi.

Masu otomatik, ku na fi ji wa. Kun saba barin giyar mota a P (wato fakin) kawai, har wayar ta yi tsatsa ta maƙale. Ku riƙa jan birkin kullum.