Yadda za ka yi idan hayis ta tsaya maka a hanyar Makka zuwa Madina

Tsakanin Makka da Madina tafiyar sama da kilomita 400 ce, mafi yawanta daji ne na duwatsu da rairayi, ba bishiyar da mutum zai raɓa. Tun shekarar 2018 aka ba ƙananan motoci damar gudun kilomita 140 a awa a wannan titi, bas kuma 100. Wato in motarka ta mutu a gefen kwalta, abin da ke wucewa kusa da ƙofarka ƙarfe ne mai gudun da ba ya tsayuwa nan take. Ga kuma rana. A aikin Hajjin 2024 an auna zafi a Harami ya kai digiri 51.8. Saboda haka duk direban da ke ɗaukar alhazai da masu Umara daga Misfala ko Shara Mansur ko filin jirgin Jidda, ya san cewa lalacewar mota ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce mutum goma sha da ke bayansa, da inda zai ajiye su kafin taimako ya zo.

Da farko, kai motar inda ya dace

Da zarar ka ji alamar matsala, ko inji ya fara shiƙa, ko allurar zafi ta hau, ko sitiyari ya yi nauyi, ɗaga ƙafa daga totur, ka kunna fitilun gargaɗi na gefe huɗu. Duba madubi, ka gangara dama a hankali. Kada ka tsaya a gefen hagu kusa da shingen tsakiya sai in babu yadda za ka yi. Shiga can ciki iya inda ƙasa ke da tauri, amma ka kula, rairayin gefen titi yana haɗiye taya. In kana kan kwana ko bayan tudu, gara ka lallaɓa motar ta ƙara gaba zuwa inda mai tahowa zai hango ka daga nesa, ko da tayar da ta yi faci za ta lalace gaba ɗaya. Taya ana saye.

In taya ce ta fashe kana cikin gudu, ƙafa za ta nemi birki da kanta. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙar da motar, ka bar gudun ya ragu da kansa, sai ya sauko sosai sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan. Hayis doguwa ce, in an cika ta da mutane da akwatuna da jarkokin Zamzam nauyinta yana komawa sama da baya, birki mai ƙarfi haɗe da fizgar sitiyari shi ke kifar da ita.

Ka tsaya? Ja birkin hannu, sa giya, karkatar da tayoyin gaba su kalli daji, kashe inji.

Sannan mutane

Kowa ya fita ta ƙofar dama. In akwai shingen ƙarfe su tsallaka bayansa, su yi nisa da kwalta. Kada kowa ya tsaya a gaban motar ko a bayanta, domin in wata ta daki taka daga baya, su za ta tura wa. Nan ne direba ke buƙatar murya. Za ka sami tsohuwa ta ce ita ƙafa ke damunta, a bar ta a ciki. Ka ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri ki sauko, in kama miki hannu," kuma kada ka fara wani aiki sai ta sauko. Yara a riƙe su.

Sa rigar nan mai ƙyalli, ka ɗauki alamar gargaɗi mai kusurwa uku, ka taka ta gefen daji ka ajiye ta kamar mita 100 a bayan mota. Taku goma da wasu ke yi ba ya amfanin komai ga mai gudun 140. Kada ka jera duwatsu a kan titi a madadinta. In ka tafi ka manta da su, ka haƙa wa wani rami.

Sai batun zafi. Motar da aka kashe na'urar sanyinta takan zama tanda cikin ɗan lokaci, waje kuma babu inuwa. Mazan da suka ɗau harami a Abyar Ali, miƙatin masu tasowa daga Madina, kansu a buɗe yake. Don haka kwalin ruwan sha da lema da tabarma ko leda babba da za a yi rumfa da ita kayan aiki ne kamar jak, kada su fita daga motar. Ka riƙa duba tsofaffi da masu ciwon suga. Wanda ya fara sambatu, ko jiri, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, a kira motar asibiti nan take. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Lambobin da za ka haddace: 911 a yankin Makka da na Madina, 997 motar asibiti ta Hilal Ahmar, 998 'yan kwana-kwana, 996 jami'an tsaron manyan hanyoyi, 993 Murur, wato 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci. Abin da za su fara tambaya shi ne ina kake. "Ina hanyar Madina" ba amsa ba ce. Faɗi ɓangaren da ka nufa, da allon ƙarshe ko gidan man da ka wuce, ko ka tura musu wurinka ta waya. Wannan kuwa sai da caji, don haka batirin ajiya na waya ya zauna a aljihun mota.

In taya ce

Ana canja taya ne a ƙasa mai tauri da ta daidaita. In tayar da ta lalace ta ɓangaren titi ce kuma babu fili tsakaninka da motoci, kada ka durƙusa a can. Matsar da motar ko ka jira jami'an hanya su tare maka.

Sa waigi ko dutse a tayar da ke kusurwar da ke kallon wadda za ka cire. Sauko da safaya daga ƙarƙashin bayan mota tun kafin ka ɗaga komai. Sassauta notuna rabin juyi motar tana ƙasa. Ɗora jak a kan katako mai faɗi, domin kwalta mai zafi da rairayi duk suna nutsewa, ka kafa shi a wurin da littafin motar ya nuna. Kada kowa ya zauna a ciki. Ɗaga, kwance notuna, cire tayar ka tura ta ƙarƙashin motar, ko da jak ya goce ta tare. Sa safaya, ɗaura notuna da hannu, sauke motar, sannan ka ƙara musu ƙarfi da sufana, ɗaya nan ɗaya can a gicciye, ba a jere ba. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In ka yi tafiyar kilomita 50 ko ka iso banshar, wato shagon faci, na farko, tsaya ka sake gwada notunan, a kuma auna iskar safayar.

In inji ne ya ɗau zafi

Wannan shi ne ciwon bazara. Allura ta fara hawa, kashe na'urar sanyi, ka kunna hita har ƙarshe da gilasai a buɗe. Yana janye wani zafin daga inji ya ba ka damar isa wurin tsayawa. In ta kai ja ko ka ga tururi, tsaya ka kashe. Ƙarin kilomita biyu "don in kai gidan mai" shi ke ƙona gaskit, wani lokaci har kan inji ya lanƙwashe.

Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwan ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, in ya sami ƙofa fuska yake nema. Jira aƙalla rabin awa, ka ga mesar sama ta huce har kana iya matsa ta da hannu, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka juya murfin kaɗan iska ta fita tukuna. Kada ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Kafin ka ƙara ruwa, nemo inda na farko ya tafi: mesa ta tsage, fambel ya tsinke, fanka ba ta juyawa, ko lagireto na yoyo? In fambel ne ko ruwa na zuba kamar famfo, ba dabarar da za ta kai ka Madina. Kira sadaha, wato motar da ke ɗaukar motocin da suka lalace, ta ɗauki motar, ka nemo wa fasinja wata.

Masu tsohuwar hayis, wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, su ƙara kula: tururi ko hayaƙi cikin ɗakin motar yake fitowa. In ka ji warin ƙonewar waya ko ka ga hayaƙi, kashe makulli, fitar da kowa, sannan ka ɗauki tukunyar kashe wuta. Kada ka bankaɗe murfin inji gaba ɗaya, iska ce abincin wuta. In ta fi ƙarfin tukunya ɗaya, ja da baya ka kira 998. Fasfo da jakar kuɗi ba su kai a koma musu ba.

Batir da haɗari

In batir ne ya mutu, nemi wata mota ta ba ka wuta: jar waya daga alamar tarawa ta mataccen zuwa ta mai rai, baƙar waya daga alamar ɗebewa ta mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motarka. Cirewa kuma a bi ta baya. Kada ka karɓi wuta daga babbar tirela, yawancinsu bolt 24 ne, taka 12.

In karo ne kuma ba wanda ya ji rauni, ɗauki hotuna ta kowane gefe da lambobin motocin, ka shigar da rahoto ta manhajar Najm, kamfanin da ke duba haɗurra don inshora, ka kauce daga tsakiyar titi. In akwai rauni, motar asibiti da Murur ne farko, kuma kada a ciccibi wanda ya bugu a wuya ko baya sai in wuta ce ke tahowa. Lasisi da istimara (takardar rajistar mota) da takardar inshora da iƙama (katin izinin zama) su zama masu rai.

Abin da ake yi tun a gida

Da yawa daga cikin motocin da ake gani a gefen wannan hanya taya ce ko ruwa ya tsayar da su, kuma duka biyun suna nuna alama tun da wuri.

Auna iskar taya da safe kafin mota ta motsa, har da safaya, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka bi adadin cikakken lodi. Akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin direbobi, wai in bazara ta shigo a rage iska kada zafi ya fasa taya. Wannan juyin gaskiya ne. Taya mai ƙarancin iska ita ke lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, ta tara zafi har zarenta ya rabu. Haka nan in ka auna bayan doguwar tafiya ka ga iska ta hau, kada ka sace ta, da ta huce za ta koma daidai.

Duba shekarun taya. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. A wannan zafi roba tana bushewa tun zanenta bai cinye ba, don haka taya mai kyan gani da ta kai shekara biyar, ko mai ƙananan tsage-tsage a gefe, ni ba zan ɗora mata alhazai ba. Ka sayi mai harafin C bayan lambar girma, wadda aka yi don motar lodi. Tayar hannu daga tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka kwance, arha ce da ba ta ado.

Ruwan lagireto a duba shi inji na sanyi, a zuba irin mai launi da kamfanin motar ya ce. Ruwan famfo na ranar larura ne kawai, yana sa tsatsa da toshewa. Matsa mesoshi ka ji ko sun yi laushi ko sun kumbura, dubi fambel ko ya fara tsagewa.

Baƙin mai kuma, kada ka dogara da kilomita kaɗai. Awannin da kake tsaye a Uhudu ko Ƙuba ko Arfa inji na aiki da sanyi a kunne kana jiran masu ziyara, agogon kilomita bai ƙirga su ba, amma mai ya sha su. Ga motar haya a ƙura da zafi, juye a kilomita 5,000 tare da matatar mai ya fi kwanciyar hankali. Matatar iska a kakkaɓe ta akai-akai, bayan guguwar rairayi kuma a duba ta ranar. Mai dizal ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a matatar man. Tsofaffin injinan dizal na hayis masu 2.5 da 3.0 bel ne ke daidaita motsin cikinsu, wato tayimin bel, ana canja shi a kilomita 150,000. In ya tsinke a hanya, aikin ya zama na buɗe inji. Batir ba ya daɗewa a Saudiyya, in ya haura shekara biyu a gwada shi kafin Ramadan da Hajji, lokacin da ba ka da ranar zama a sana'iyya, unguwar makanikai.

Birki yana da nasa wurin jarrabawa, gangaren Hada daga Ɗa'if. Sauko da ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji wari, sannan ya ji feda ta yi laushi. In haka ta faru, nemi fili ka tsaya ya huce. Man birki yana shan danshi, a sauya shi kamar duk shekara biyu, kada a jira ranar fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ta tuna maka.

Da dare rage gudu inda ka ga allon raƙumi, domin fitila ba ta nuna shi sai ka zo dab, kuma jikinsa daidai gilashin gaba yake. In barci ya fara fizgarka, shiga istiraha, wato wurin hutun matafiya, ta gaba ka kwanta ko na minti 20 ne, fasinja su sha shayi su jira.