Yadda ake girka na'urar auna karkata ta dijital a haɗa ta da layin siriyal

Na'urar auna karkata ɗan akwati ne da ake ɗaura wa hasumiya, injin ɗaga kaya, gada ko faifan sola mai bin rana, don a san digiri nawa abin ya kauce daga daidai. A cikinta akwai ɗan guntu irin na MEMS, wanda ke auna yadda ƙarfin jan ƙasa ya faɗo a kansa, ya mayar da shi digiri, ya turo lambar ta layin siriyal, wato wayar da bayanai ke bi ɗaya bayan ɗaya. Digiri 0.1 kamar ba komai ba ne, amma milimita 1.75 ne a kowace mita. A hasumiya mai tsawon mita 30, kanta ya gusa fiye da santimita 5 ke nan.

Kada ka ɗaura ta a wurin aikinta sai ta yi magana da kwamfutarka a kan tebur, da guntun kebul ɗin da bai wuce mita ɗaya ko biyu ba. In ka fara ɗaura ta can sama da kebul mai mita 200, ta yi shiru, laifin zai iya zama na wuri biyar, kuma ba ka da hanyar rarrabe su.

Wane irin siriyal ne?

Iri uku ake yawan samu, kuma ba sa shiga juna. TTL na aiki da bolt 0 zuwa 3.3 ko 5, na cikin akwati ne, tsakanin na'urar da ƙaramin allo irin Arduino. RS-232 na lilo tsakanin wuta mai alamar ƙari da mai alamar ragi, har bolt 15 ta kowane gefe, na'ura ɗaya da kwamfuta ɗaya, nisa kamar mita 15. RS-485 waya biyu ne, A da B, saƙon yana cikin bambancin wutar da ke tsakaninsu, yana kai mita 1200 idan ba a tsananta sauri ba, kuma a ƙa'idarsa ta asali na'urori 32 za su iya hawa layi ɗaya.

Wanda ya jona RS-232 kai tsaye a ƙafar allo mai bolt 3.3 zai iya ƙona shi nan take. Sai an sa guntu mai sauya matakin wuta, irin MAX3232, a tsakani. Idan alamar jikin na'urar ta goge, maltimita za ta faɗa maka: ba ta wuta, ka auna tsakanin wayar aikawa (TX) da wayar sifilin wuta (GND) lokacin da ba ta aika komai. Ka ga ragi, kamar bolt 5 zuwa 12 ƙasa da sifili, RS-232 ne. Ka ga 3.3 ko 5 tsaye, TTL ne.

Wuta da waya

Duba takardar na'urar kafin ka taɓa komai, domin launin waya ba shi da ƙa'ida ɗaya tsakanin kamfanoni. Yawancin na masana'antu suna cin wutar DC daga wajen bolt 9 zuwa 30 ko 36, ƙananan kuma bolt 5 kawai. A ba ta wuta daga tushe mai tsabta, kada ta yi tarayya da mota ko babban rile.

A RS-232 da TTL, wayoyin giciye ake yi: TX na na'urar zuwa wayar karɓa (RX) ta kwamfuta, RX zuwa TX, GND zuwa GND. A soket ɗin DB9 na kwamfuta, fil na 2 ne RX, na 3 TX, na 5 GND. A RS-485 ba giciye, A da A, B da B. Sai dai kamfanoni ba su daidaita kan wanne ne A ba, abin da wani ya kira A shi wani ke kira B. In komai ya yi daidai amma ba amsa, musanya su. Hakan ba ya lalata komai.

Adaftar USB kuwa, masu guntun FT232, CP2102 ko CH340 duk suna yi, muddin an saka manhajar direbansu. A Windows za ta fito a Device Manager da suna irin COM3. A Linux /dev/ttyUSB0 ce, kuma a Ubuntu da Debian sai an saka mai amfani cikin rukunin dialout, ya fita ya sake shiga, kafin ƙofar ta buɗu masa. Gwada adaftar ita kaɗai tukuna idan ta RS-232 ce ko TTL: haɗa TX da RX nata da ɗan guntun waya, buɗe manhajar magana da layin siriyal irin PuTTY ko RealTerm, ka buga haruffa. In sun dawo a allo, adaftar lafiya lau take, an cire ta daga cikin waɗanda ake zargi.

Maganar farko

Dole ɓangarorin biyu su yarda kan abu huɗu: sauri, wanda manhaja ke rubutawa Baud, yawan bit na bayani, fariti (bit na gano kuskure), da bit na tsayawa. An fi samun 9600 ko 115200 tare da 8N1, wato bit 8 na bayani, ba fariti, bit 1 na tsayawa. Amma Modbus RTU, ƙa'idar tambaya da amsa ta na'urorin masana'antu, ta ɗauki fariti Even a matsayin na asali, kamfanoni da yawa kuma suna fitar da kayansu da None, don haka a duba, kada a yi zato. Alamomin ma sun bambanta. Shirmen haruffa a allo galibi yana nufin waya ta yi daidai, sauri ko fariti ne bai dace ba. Shiru gaba ɗaya ya fi nuna waya, wuta, ko kuma na'urar tana jiran a tambaye ta.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ruɗar mutane. Wasu na'urorin da an kunna su suke zubo lambobi ba tsayawa. Masu Modbus kuwa ko uffan ba sa cewa sai an kira adireshinsu. Ga tambayar da ke neman rajista biyu, wato guraben da na'ura ke ajiye lambobinta, daga farkon na'ura mai adireshi 1, a lambobin heks (ƙirgen tushe 16): 01 03 00 00 00 02 C4 0B. Bait na farko adireshi ne, 03 umarnin karantawa, 00 00 inda za a fara, 00 02 yawan rajista, biyun ƙarshe kuma CRC, lambar tantance kuskure, ƙaramin bait a gaba. Dole a aika su a matsayin heks. Wanda ya buga su a matsayin rubutu ya aika wani abu dabam, kuma amsa ba za ta zo ba. Wurin da kusurwa take a cikin rajistoci ya danganta da kamfani, wasu ma da umarni 04 ake karanta tasu. Idan takarda ta ce 40001, a kan waya 0 ne. Takarda na ƙirga daga ɗaya, waya daga sifili, kuma wannan ratar ta ɗaya takan sa mutum ya karanta karkatar Y yana zaton ta X ce, wato ɓangarori biyun da na'urar ke aunawa.

A ce amsa ta zo da 04 D2 da FF 38, takarda kuma ta ce kowane ɗaya digiri 0.01 ne. 04 D2 shi ne 1234, wato digiri 12.34. FF 38 kuwa, in an karanta shi ba alama, 65336 zai bayar, manhaja ta nuna digiri 653.36. Lamba ce mai alamar ragi: cire 65536, ka sami −200, wato digiri −2.00. Duk lokacin da karatu ya yi tsalle zuwa wajen 655 da zarar an karkata ta ɗaya gefen, wannan ne, ba lalacewa ba. Masu turo lamba a rajista biyu haɗe suna da tasu matsalar, ta wanne ke gaba. In lambar ta fito ba kai ba gindi, juya jerin rajistocin biyu a manhaja.

Na'urori da yawa a layi ɗaya

Yawanci duk da adireshi iri ɗaya suke fitowa daga kamfani. In aka jona su tare haka, za su amsa lokaci guda, saƙon ya cakuɗe. Ɗaya bayan ɗaya ake saita su a tebur: a ba kowace lamba tsakanin 1 da 247, a aika umarnin ajiyewa in tana da shi, a kashe wuta a kunna, a tabbatar ta riƙe, sannan a rubuta adireshin da saurin a jikinta da alƙalamin da ba ya gogewa. Canjin sauri a bar shi ƙarshe, domin da ya kama, kwamfutar ma sai ta koma sabon saurin.

Kebul ya zama mai waya biyu murɗaɗɗu da rigar kariya, ya bi daga na'ura zuwa na'ura kamar carbi, ba kowace ta ja nata daga tsakiya ba. Rizisto mai om 120 a ƙarshen layi biyu kawai. Kashe wuta ka auna tsakanin A da B: wajen om 60 daidai ne, 120 na nufin ɗaya ya ɓace, 40 kuma an sa uku. A ja waya ta uku ta GND tsakanin na'urorin, saboda RS-485 ba ya jure bambancin da ya fita daga bolt −7 zuwa +12. Rigar kariyar a haɗa ta da ƙasa ta gefe ɗaya, kuma kebul ɗin kada ya kwanta a bututu ɗaya da na wutar mota ko inbata.

A lissafa lokaci ma. A 9600 da 8N1, bait 960 ne ke wucewa a daƙiƙa. Tambaya mai bait 8 da amsa mai bait 9, tare da ɗan shirun da Modbus ke buƙata tsakanin saƙonni, suna cin kusan milisakan 25. Na'urori goma ba za su ba ka fiye da zagaye huɗu a daƙiƙa ba. Mai son fiye da haka sai ya ɗaga sauri.

Ɗaurawa

A nan ake zubar da daidaiton da aka saya da tsada. Wurin zamanta ya zama miƙaƙƙe, mai ƙarfi, jikin ainihin abin da ake aunawa, ba murfin kwano mai lanƙwasa ba. A kankare ɓurɓushin walda da tsatsa. Ƙasan na'urar mai faɗin santimita 5, in ɗan datti mai kaurin milimita 0.1 ya shiga ƙarƙashin gefe ɗaya, ya ƙara digiri 0.11. A ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, ana zagayawa, kada a matse ɗaya har ƙarshe kafin sauran.

Kibiyoyin X da Y na jikinta su bi layin abin da ake aunawa. In ta murɗe da digiri 2, abin kuma ya karkata digiri 10 ta X, za a ga kusan 0.35 a Y alhali bai motsa ta can ba. A ɗaure kebul ɗin kusa da ita don nauyinsa kada ya riƙa jan ta, a bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai soket. Alamar IP67, ta kariya daga ƙura da ruwa, ba ta aiki sai an murɗa soket ɗin ya zauna sosai. In a fili take, a yi mata inuwa, domin sifilinta na gusawa da zafi, sai a ga karatu yana hawa da rana yana sauka da dare.

Sifili da tace girgiza

A bar ta a kunne kamar minti 15 kafin a saita sifili. Sannan a san wanne ake so. Umarnin sifili yana ɗaukar yadda take zaune yanzu ya mayar da shi 0.00. Hakan ya dace in motsi daga yau ake son bibiya, amma in hasumiyar dama a karkace take, an ɓoye karkatar ke nan. A rubuta karatun asali kafin a danna.

Don gano kuskuren na'urar kanta, ba sai an sami wuri mai cikakken daidaito ba. Ajiye ta a kan faifai mai ƙarfi, ka karanta. Juya ta digiri 180 a daidai wurin, ka sake karantawa. A ce na farko 0.30, na biyu −0.10. Haɗa su ka raba biyu, 0.10 shi ne kuskurenta. Ɗebe na biyu daga na farko ka raba biyu, 0.20 shi ne karkatar faifan.

Guntun da ke ciki ba ya bambance karkata da fizga. Fizgar gefe da ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin jan ƙasa za ta fito kamar digiri 0.57. Shi ya sa karatu ke rawa kusa da injin da ke aiki. Yawancinsu suna da matata da ake saitawa ta rajista. Ɗaukar matsakaicin karatu 16 yana rage hayaniyar da ba ta da tsari zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma amsa za ta riƙa zuwa a makare. Ga bango ko gada, jinkirin daƙiƙa biyu ba damuwa ba ne. Ga injin ɗaga kaya da ake son ya katse in ya wuce iyaka, haɗari ne, kuma abin da ke tafiya yana aiki yana buƙatar irin na'urar da aka haɗa mata jairoskof, mai auna juyawa, a ciki.